Soyen Nama da Tattasai: Abincin Dare Cikin Rabin Awa



Mu mazauna Legas mun san yadda cunkoson motoci ke cinye mana yamma. Kafin mu iso gida an yi isha'i, yara na gyangyaɗi, tuwo kuwa ba ya son gaggawa. Sai kowa ya kama shayi da burodi shi kaɗai, cin abinci tare yana neman ɓacewa a gidajenmu.

Shi ya sa muka rungumi soyen nama da tattasai, girkin da gidajen abincin 'yan Sin a Amurka suka yi suna da shi. Kayan ma a hannun mutanenmu suke: nama a mayankar Oko-Oba, tattasai a kasuwar Mile 12.

Mukan yanka rabin kilo na naman sa fale-fale kamar na tsire, mu cuɗa shi da citta, tafarnuwa, masoro da soya sos. Mu soya a wuta mai ƙarfi minti 3, kaɗan-kaɗan, don in kasko ya cika naman ruwa zai fitar. Sannan albasa da tattasai, kore da ja. Kafin shinkafa ta tsotse an gama, iyali sun zauna faranti ɗaya.

Allah Ya sa albarka a gidajenmu.