LITTAFIN BASHIN MAMA

Hausa tana da kalmomi uku waɗanda sau da yawa mukan ɗauka abu guda suke nufi, wato gafara da afuwa da yafewa. Biyun farko daga Larabci aka aro su. Ta ukun kuwa ita ce ta fi shiga kasuwa. Mai karatu ya gwada da kansa ya gani. Za ka ji an ce Allah ya gafarta wa mamaci, ko gwamna ya yi wa fursunoni afuwa, amma ban taɓa jin Bahaushe ya ce ya gafarta wa wani bashi ba. Bashi yafe shi ake yi. Wannan ɗan bambanci ba a cikin aji na fara gane shi ba, a gaban buhunan masarar mahaifiyata ne.

Mu Kurama ne, mutanen Saminaka ta ƙaramar hukumar Lere a Jihar Kaduna, ƙasar da duk wanda ya san harkar hatsi ya san ta da masara. A gida muna jin yarenmu, amma ciniki da sujada da Hausa muke yinsu, kamar yawancin ƙabilun wannan yanki. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya ba da babbar gudummawa a kansa a ƙasar Zazzau, kuma daga kakanninmu har zuwa kanmu da Hausa muka san Ibrahim da Musa da Bitrus. Mama ba ta yi boko ba. A ajin manya na coci ta koyi karatu don ta riƙa bin aya da yatsa in ana wa'azi, daga nan ne kuma ta sami abin da take rubuta sunayen masu cin bashinta da shi.

Littafin bashin ba wani abin kallo ba ne, irin littafin rubutu ne na 'yan firamare, bangonsa duk ya sha manja. Kowane shafi da sunan mutum a sama, a ƙasa kuma mudu kaza na masara, tiya kaza ta wake, ranar kaza. Wanda ya biya sai ta ja layi ɗaya a kan lissafinsa. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, to a littafin nan akwai malamin makaranta, akwai matar ɗan sanda, akwai mai shayi, har da dattijon coci.

A shekarar 2022 malaman jami'o'i suka shiga yajin aikin da ya kai wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Na koma gida, da yake kuma ni ne “ɗan jami'a”, sai Mama ta danƙa mini littafin. A bazarar wannan shekara wata maƙwabciyarmu, wadda suke Zumuntar Mata tare da Mama, ta zo da kuka cewa maigidanta yana kwance, jarinta ya ƙare a magani. Ta roƙi buhu 3 na masara ta riƙa sayarwa da mudu a ƙofar gida, in kaka ta yi ta biya. Ni na rubuta da hannuna, ni kuma na taya yaro ɗora buhunan a baro. Kuɗin waɗannan buhuna su ne Mama ta ƙudurta za ta ba ni na mota da na abinci duk ranar da aka buɗe makaranta.

Maigidan nata ya warke, kaka ta yi, aka janye yajin aiki, amma shiru. Ana ta gafara sa, ba mu ga ƙaho ba. Da Mama ta je ta same ta a ɗaki su biyu, sai matar ta ce ita buhu 2 ta sani. Wannan bai yi wa Mama zafi ba kamar abin da ya biyo baya, domin kafin mako ya zagayo magana ta bazu a unguwa cewa wai mudun Mama bugagge ne, tana tauye wa mutane awo. Duk wanda ya san kasuwar hatsi ya san mai awo ba ta da wani jari da ya wuce amincin mudunta. Mata biyu da suka shekara suna saye a wurinta suka koma wani layi.

Matakan da Mama ta bi ba ita ta ƙirƙiro su ba, suna cikin Matta sura 18, inda Yesu ya tsara yadda za a yi in ɗan'uwa ya yi wa mutum laifi: a fara samunsa a keɓe, in bai ji ba a koma da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi a kai gaban ikilisiya. Ta koma da shugabar Zumunta, bai yi ba. Aka kai maganar gaban dattawa, aka kira ni da littafi. A nan matar ta amsa buhu 2 ta ce za ta biya kaɗan-kaɗan, na ukun kuwa ta rantse ba ta san da shi ba. Dattawa suka ce a yi haƙuri, a je a yi addu'a. Game da maganar mudu babu wanda ya ce uffan. Ra'ayina a lokacin, kuma har yau ban sauya ba, shi ne ya kamata su sa ta janye wannan magana a gaban matan da ta faɗa wa. Sau da yawa a majami'unmu kalmar haƙuri wanda aka cuta kaɗai ake ɗora wa, don shi ne ya fi sauƙin lallashi.

A wannan surar dai, bayan Bitrus ya tambayi sau nawa zai yafe wa ɗan'uwansa, ya kawo bakwai yana ganin ya yi ƙoƙari, aka amsa masa da bakwai sau saba'in (wasu fassarori sun ce 77), sai Yesu ya ba da misalin wani bawa da sarki yake binsa talanti 10,000. Mukan karanta wannan adadi mu wuce, amma yana da kyau a zauna a yi lissafinsa. Dinari ɗaya shi ne ladan ɗan ƙwadago na yini guda, talanti ɗaya kuma kimanin dinari 6,000 ne. Ke nan bashin ya kai dinari miliyan 60, wato ƙwadagon fiye da shekara 160,000 ba hutu. Sarki ya yafe masa duka. Fitarsa ke da wuya ya ci karo da abokin bautarsa da yake bi dinari 100, ladan wata uku da 'yan kwanaki, ya shaƙe shi ya kai shi kurkuku. Abin lura shi ne dinari 100 ba abin wasa ba ne ga talaka. Misalin bai ce bashin ƙarya ba ne, bai kuma ce ba ya ciwo ba. Laifin bawan shi ne saurin mantuwa. Ko a addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa, kalmar da Matta ya yi amfani da ita a Helenanci ta bashi ce, Luka ne ya kawo ta zunubi. Ashe tun asali maganar gafara a Linjila da harshen 'yan kasuwa aka yi ta.

Mama ba ta san Helenanci ba, ba ta kuma taɓa lissafa talanti ba, amma tana da nata sarkin da take tunawa. A 2017, lokacin da tsutsar nan mai cin masara da ta shigo ƙasar nan a 2016 ta yi wa gonar Baba kaca-kaca, akwai wani Alhaji, babban dillalin hatsi, da yake bin Mama kuɗin buhu 5. Ta ɗaure 'yan kuɗin da ta tara a bakin zane ta je ba shi haƙuri. Ya karɓi na buhu 2, ya ce, “Baiwar Allah, je ki ki ciyar da yaranki, sauran na yafe duniya da lahira.” Da na ba wani abokin karatuna Musulmi wannan labari, sai ya nuna mini cewa a ƙarshen Suratul Baƙara akwai umarnin a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci, kuma a bar masa bashin sadaka shi ya fi. A Attaura ma, cikin Maimaitawar Shari'a sura 15, an umarci Isra'ilawa su saki basussukan 'yan'uwansu duk shekara ta bakwai. Tun daga wannan shekara, duk kaka Mama takan aika wa gidan Alhajin da kaza da ƙwaryar gyaɗa, shi kuma kullum sai ya ce wahalar me take yi.

Daren Asabar ɗin da za a wayi gari bikin godiya ta kaka, ranar da kowa yake kawo dami ko buhu ko akuya gaban bagade, muna zaune a tsakar gida ana gyaran masarar da za mu kai. Mama ta ce in ɗauko littafi in buɗe shafin matar nan. Ta karɓi biro ta ja layi biyu a kan buhunan duka uku. Layi ɗaya na wanda ya biya ne, ban taɓa ganin biyu ba sai ran nan.

Baba ya ce, “Haba Uwargida, ko na ukun za ki bari, ai biyun ta amsa da bakinta. Yaron nan da me zai koma makaranta?”

Ta ce, “Maigida, gobe zane iri ɗaya za mu ɗaura da ita, benci ɗaya za mu zauna, mako mai zuwa kuma Jibin Ubangiji ne. Wata biyu ke nan in na rufe ido zan yi addu'a buhu nake gani. Ni aka yafe wa uku, ban san ranar da zan biya Alhaji ba. To ga inda zan biya.”

Na ce, “Mama, maganar mudu fa?”

Ta ce, “Mudu yana nan, duk mai shakka ya zo da nasa a gwada.”

Akwai masu cewa rama cuta ga macuci ibada ne, kuma a daren nan da an ba ni zaɓi da na ji daɗin wannan karin magana. Yafewar ta ci kuɗi, kuma ba Mama kaɗai ta biya ba. Baba ya sayar da awaki 2 waɗanda ake ajiye da su don Kirsimeti, na koma makaranta bayan an yi mako uku da fara karatu, ƙannena kuma suka yi bikin wannan shekara da tsofaffin kaya. Masu wa'azi sukan so su ƙarasa irin wannan labari da cewa daga baya Ubangiji ya ninka wa mai yafewa sau goma. Mu dai ba mu tsinci buhu a ƙofar gida ba. Abin da na gani da idona shi ne Mama ta koma yin barci, ta koma rera waƙa in tana tankaɗe, kuma washegari da aka kira Zumuntar Mata su fito da baikonsu, ta yi rawa har gaban bagade da tiya a ka, matar nan tana bayanta da mutum biyu.

Bayan an tashi Mama ta ja ta gefe ta gaya mata. Amsar da ta bayar ita ce, “To, ai dama biyu ne.” Babu na gode, babu Allah ya saka.

Wannan ya daɗe yana cina, har sai da na sake karanta labarin kutare goma a Luka sura 17. Yesu yana kan hanyar Urushalima, tsakanin Samariya da Galili, suka tsaya daga nesa suna roƙonsa. Ya aike su wurin firistoci, suna cikin tafiya suka tsarkaka. Guda ɗaya ne ya dawo ya yi godiya, shi ma Basamariye, wato bare. Tun muna Makarantar Lahadi ake koya mana mu zama kamar wannan ɗaya. Amma akwai abu biyu da ba a cika tsayawa a kansu ba. Na farko, Yesu ya tambayi ina sauran taran suke, ke nan rashin godiya abu ne da ake ji, kuma ba laifi ba ne mutum ya lura da shi. Na biyu, babu inda aka ce kuturtar ta koma wa taran. Sun tafi da lafiyarsu.

Mu Hausa ta saba mana da godiya har ta zama gaisuwa. Ina aiki? Da godiya. Yaya gida? Mun gode Allah. Mutum yana fama da zazzaɓi a tambaye shi jiki ya ce da sauƙi. Abokan karatunmu da suke koyon Hausa a matsayin harshe na biyu sukan yi dariya su ce Bahaushe ba ya taɓa amsa gaisuwa da gaskiya. Ni kuwa ina ganin horo ne ake yi wa harshe tun mutum yana yaro, ko da yake horon baki bai isa ya sa mutum ya taka zuwa ƙofar wanda ya yi masa alheri ba. Matar nan takan ce “da godiya” sau goma a yini.

Da na koma hutun ƙarshen zango, na tarar ɗaya daga cikin matan da suka ƙaurace ta dawo saye, ɗayar kuwa har yau tana can layin da ta koma. Maƙwabciyar tamu ma tana zuwa. Ran nan ina zaune ta sayi mudu 4 na masara, ta ce a ƙara mata biyu zuwa ranar kasuwa. Mama ta yi murmushi ta ce, “Yaya, wancan na yafe, amma littafi ya cika. Kawo na huɗun.” Ta ƙirga kuɗinta ta ɗaure a bakin zane, ta auna mata huɗu a tsaye, sannan ta ɗebi gyara da hannu biyu ta zuba mata kamar yadda take yi wa kowa.