Ranar da Shanun Huɗa Suka Fitar da Motata

Wanda ya tashi a Samaru ya tashi yana kallon motocin daji. Tun muna yara muke ganin Land Rover ta ma'aikatan Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda tushenta ke komawa 1922, shekaru arba'in kafin kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, tana fita da sassafe fes, ta dawo da la'asar da jar laka har saman gilashi. A idonmu na yara babu inda irin wannan mota ba ta shiga. Da wannan tunani na girma, da shi kuma na sayi tsohuwar Hilux ta hannu shekara uku da suka wuce, saboda zirga-zirgar gonar da na gada a bayan Bomo. Ban tambayi kowa yadda ake tuƙa ta a daji ba. Na yi shekara ashirin ina tuƙi a kan kwalta tsakanin Samaru da Kwangila da Sabon Gari, sai na ɗauka abin da ya rage mini shi ne in ƙara taka totur.

Ruwan da ke sauka a ƙasar Zariya a shekara ya kai kimanin milimita 1,000, kuma mafi yawansa a 'yan watanni yake zuba, Agusta ne kan gaba. A tsakiyar markar wannan wata na nufi gona ni kaɗai. Da na iso wata fadama na ga hanya ta zama taɓo, sai na ja ƙaramar giyar nan da direbobi ke kira ogzilari, fitila ta kama a gabana, zuciyata ta kwanta. Don kada in shiga tsakiyar taɓon, na karkata na bi gefen gonar wani, ina jin karan masara na karyewa a ƙarƙashina. Ban yi taku ashirin ba motar ta tsaya. Na taka totur, tayoyin baya suka yi ta watsa laka. Na sake takawa da fushi, suka haƙa wa kansu rami, har cikin motar ya zauna daram a ƙasa.

Mai gonar dattijo ne. Ya zo ya tsaya ya dubi kunyoyin da na tattake, ya dube ni, ya yi mini sallama kamar wanda ya tarar da baƙo a zaurensa. Ya aika aka kira samari da fartanya da shebur, aka share lakar da ke gaban tayoyi, aka shimfiɗa rassa, sa'an nan ya sa aka kawo shanun huɗarsa biyu da karkiyarsu. Shanu na ja, samari na turi, ni kuma ina zaune a mazaunin direba kunya ta hana ni ɗaga kai. Da muka fita na miƙa masa kuɗi, ya ƙi karɓa. Ya ce, "Malam, masarar da ta kwanta ta riga ta kwanta. Abin da ke damuna shi ne gobe wani zai ga sawunka ya bi, jibi gonata ta zama hanya."

Washegari na kai motar wurin wani bakanike a Sabon Gari, ina faɗa cewa an sayar mini da mota mai matacciyar giya. Bai buɗe inji ba. Ya tsuguna gaban tayar gaba, ya nuna mini wani ɗan murfi a cibiyarta mai rubutun Turanci biyu, ɗaya na nufin a sake, ɗaya na nufin a kulle. Nawa duka biyun a sake suke. Ya ce, "Alhaji, lafiyar motarka ƙalau. Kai ne ba ka gaya wa tayoyin gaba su kama aiki ba." A tsofaffin motoci irin tawa, jan ƙaramar giya yana tura ƙarfin inji zuwa aksul na gaba ne kawai, muddin ba a sauka an murɗa makullan nan biyu da hannu ba, ƙarfen yana juyawa ne a banza. Fitilar da na dogara da ita shaida ce cewa an ja giya, ba ta san halin da cibiyar taya ke ciki ba. Sababbin motoci na yin wannan aiki da kansu ta hanyar maɓalli, amma su ma wayarsu ko ɗan injin da ke kulle su kan lalace, shi ya sa ya kamata a gwada su a kan burji tun kafin damina. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A nan ne kuma na fahimci wani abin da yawancin masu irin waɗannan motoci ba su sani ba. A tsakiyar kowane aksul akwai kaskon haƙoran giya wanda ke ba tayar waje damar yin sauri fiye da ta ciki idan ana shan kwana. A kan kwalta wannan alheri ne. A cikin laka kuwa, sai ya bar tayar da ta rasa abin kamawa ta yi ta juyi, wadda ke kan tudu ta tsaya cik. Saboda haka mota mai jan taya huɗu tana iya kafewa da taya biyu kacal suna wulwulawa, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Maganin shi ne a ɗaga ƙafa daga totur, a sauka, a cusa duwatsu ko rassa ƙarƙashin tayar da ke juyi a banza.

Sauran karatun a hannun wani maƙwabcina na Hayin Dogo na yi shi, tsohon direba da ya yi ritaya bayan shekaru yana kai malaman gona ƙauyuka. Asabar huɗu ya ba ni. Darasinsa na farko bai shafi mota ba: ya sa na tuɓe takalmi, na naɗe wando, na ratsa taɓo da sanda a hannu. Na ce, "Baba, ai ga shi ana gani." Ya ce, "Saman ruwa kake gani, Malam. Inda ƙafarka ba ta iya wucewa, kada ka tura dukiyarka." Ya koya mini in tsai da mai babur ko mai amalanke in tambaye shi, domin su suka san inda ƙasa ke da tauri da inda zaizaya ta ci da daddare.

Daga nan muka koma kan tuƙin. Ana kulle tayoyin gaba tun ana kan busasshiyar ƙasa, kafin a shiga wahala. A rage iskar taya daga awo talatin da 'yan kai zuwa wajen ashirin, domin ta baje ta ƙara kama ƙasa, da sharaɗin akwai famfon mayar da ita kafin a koma kwalta. A tsaya cak a sa 4L, a ɗauki giya ta biyu, a shiga da tafiya madaidaiciya, ba gudu ba rarrafe, ƙafa nesa da kuloci. Manyan yatsu su kasance a wajen sitiyari, don idan taya ta bugi kututture sitiyarin na iya fizgewa ya karya yatsa. Idan mota ta daina gaba, a tsaya nan take a koma da baya ta kan sawun da aka shigo, domin kowane ƙarin juyi ƙarin rami ne. A gangara kuwa, ƙaramar giya ce ke riƙe mota. Birki a kan santsi sai ya sa ta zame.

Ruwa ya fi laka haɗari. Inji iska yake shaƙa, kuma ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Idan ya shiga ta bakin shan iska, ƙarfen cikin inji kan lanƙwashe nan take. Don haka wanda motarsa ta mutu a tsakiyar rafi kada ya sake tayar da ita, a jawo ta waje tukuna. Ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa, a haƙura a jira ya janye. Bayan an tsallake, a ɗan taka birki sau da yawa ana tafe har ya bushe. Idan an koma gida a wanke lakar da ta toshe lagireto, a kuma duba man aksul. In ya koma launin madara, ruwa ya shiga, sai a canza shi.

Abu biyu Baba ya fi nanatawa. Na farko, da an hau kwalta a mayar da giya 2H, a saki makullan, domin a irin wannan mota aksul na gaba da na baya a haɗe suke su yi juyi ɗaya, kuma busasshiyar kwalta ba ta barin taya ta ɗan zame, sai ƙarfe ya yi ta murɗuwa har wani abu ya karye. Na biyu, kada a ɗaura igiyar ja a dunƙulen ƙarfen jan tirela ko a bamba. Idan ya ɓalle, yana tashi kamar harsashi, ga yara kuwa kullum cike da wurin. A nemi ƙugiyar da ke manne da ƙashin motar, a kuma kori 'yan kallo nesa.

Sai dai maganar dattijon nan mai masara ita ta fi zama a raina. Mu masu manyan motoci mukan shiga hanyar ƙauye sau ɗaya a mako, mu yaga ta, mu koma gari mu wanke mota. Ramin da muka bari shi mai keke da mai babur da matar da ta ɗauko nono za su yi ta fama da shi har kaka. Gaskiya ne hanyoyin karkara na bukatar burji da kwalbatoci daga hukuma, kuma wajibi ne a ci gaba da faɗa. Amma kafin su zo, wanda bai da larura ya bar hanya ta sha iska kwana ɗaya bayan ruwa, wanda ya haƙa rami ya cike shi, kada kuma kowa ya mai da gonar talaka hanya. A wannan zamani da kafewa a daji ke iya jefa rai cikin haɗari, a fita da hantsi, a gaya wa iyali inda aka nufa, a riƙe shebur da jak da katako da igiya mai ƙarfi.

A daminar da ta wuce, bayan sallar asuba, ɗan dattijon ya kira ni a waya: matarsa ta kwana tana naƙuda, ruwa kuma ya kwana yana zuba, babu motar da ta yarda ta shiga. A ƙarshen kwalta na tsaya na murɗa makullai biyu, na rage iska. A bakin fadamar nan na sauka da sanda na ratsa ta da ƙafa, na gano tudun yana hannun dama, nesa da gonar. Na shiga da giya ta biyu, na fito da ita da surukarta a kujerar baya ta kan sawuna, muka isa asibitin koyarwa na Shika kafin hantsi ya ɗaga. Ta sauka lafiya, aka sami 'ya mace. Ranar suna na tafi da buhun masara. Dattijon ya dubi buhun, ya yi murmushi, ya ce, "Wannan kam na karɓa, Malam."