Ɗan layin da ke ƙasan karatu

Gab da azumin 2019 muna haɗa wata manhajar Android ta sauraron tafsiri, ni da abokan aikina, a wani ɗan shago a Kano. Maɓallanta biyu ne kacal, na kunnawa da na tsayarwa, alhali kowane zama na karatu yakan kai awa biyu. Da muka raba wa 'yan uwa su gwada, bakinsu ya zo ɗaya: da an rufe manhajar, sai karatu ya koma tun daga Bisimilla.

Don haka ni aka ɗora wa sa layin da ake ja a je gaba ko baya a karatu. Android na da nasa, SeekBar. Za ka tambayi MediaPlayer, mai kunna sauti, tsawon sautin, ya ba ka a milisakan, ka mai da shi iyakar layin. Duk daƙiƙa kuma ka duba inda aka kai, ka matsar da ɗigon da ke kan layin. In mutum ya ja, sai ka kira seekTo.

A baki da sauƙi. A waya kuwa ɗigon kokawa ya riƙa yi da yatsa: kana jan sa gaba, agogon manhaja na fizgo shi baya, muryar malam na tsinkewa kamar kaset ɗin da rediyo ta tauna. Sai da muka sa agogon ya dakata da zarar yatsa ya taɓa layin, ba a kuma tsallakawa sai an ɗaga shi. Wasu fayilolin MP3 ma ƙaryar tsawonsu suke yi, don ba a naɗe su da ma'auni ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba. Waɗannan sai da muka sake juya su.

Muna ganin mun gama, sai kawun abokina ya leƙo shagon, muka miƙa masa waya. Ya ɗora babban yatsansa, ɗigon ya ɓace a ƙarƙashinsa. Ya ja, ya wuce. Ya dawo, ya sake wucewa.

"Ɗana, ni fa ba tafiya nake son yi ba," in ji shi. "Maganar da ta wuce ni nake so malam ya maimaita."

Muka yi lissafi. Layin bai fi santimita 6 ba, karatun minti 120, wato kowace milimita minti 2 ce. Ba yatsan da zai kamo jimla ɗaya a haka. A daren muka ƙara maɓallin komawa baya da daƙiƙa 15, muka kuma sa manhajar ta riƙa tuna inda mai sauraro ya tsaya. Kafin a ga wata ta shiga Play Store.