Garba Lawal Ma Gwarzo Ne

Duk sanda muka zauna a majalisa nan Balan muna lissafa gwarzayen ƙwallon Najeriya, sunayen ba sa canzawa: Yekini, Okocha, Kanu. Garba Lawal, ɗan Kaduna, sai an tuna mana shi.

Ku duba wasanmu da Sifen a gasar kofin duniya ta 1998. Kowa na ba da labarin ƙwallon Sunday Oliseh da ta ba mu nasara 3-2. Amma kafin ita ana cin mu 2-1, sai da Garba ya ratso ta hagu ya bugo ƙwallon da golansu, Zubizarreta, ya ture cikin ragarsa. Ba don haka ba, da bugun Oliseh canjaras kawai zai kawo.

Garba ya ci zinare a Atlanta a 1996, ya buga kofin Afirka sau huɗu, kuma duk inda koci ya ajiye shi yakan riƙe wurin. Mu da muka tashi a gona mun san kafin mai girbi akwai mai huɗa. In za a kafa zauren gwarzaye, a ajiye wa Garba kujera. Irinsa ne ya kamata alƙalaminmu ya riƙa nemowa.