Sauri Ya Haifi Nawa: Canjin Giya A Tseren Mita 402

Duk cikin wasannin mota babu wanda yake burge ni irin tseren miƙaƙƙen titi na Amurka, wanda ƙungiyar NHRA da Wally Parks ya kafa a 1951 take shiryawa. Motoci biyu ne, tafiyar mita 402, babu kwana ko ɗaya. A motocin da ake canja musu giya, ni dai a ganina a nan ake ci ko a faɗi.

Da yawa sun ɗauka da zarar inji ya kai ƙololuwar ƙarfinsa sai a cilla giya. Ban yarda ba, domin duk canji yana dawo da juyin inji ƙasa. A ce ƙarfinsa yana cika a juyi 6,000 cikin minti, shiga giya ta biyu kuma yana zaftare kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya canja a 6,000 ya faɗo 4,000, inda injin ba shi da kuzari. Wanda ya daure zuwa 6,600 sai ya sauka a 4,400, ya wuce abinsa.

Amma fa haƙurin yana da iyaka. In allura ta tsallake jan layi, bawul kan kasa rufewa da wuri, fistan ya doke shi, inji ya tashi daga aiki. Giyoyin sama kuwa tazararsu kaɗan ce, ba sa buƙatar dogon jira.

Don haka nake cewa, kafin ka saki giya, dubi inda za ka sauka. Mu haɗu a rubutu na gaba.