Shingen Ƙofar Gida a Sabon Tasha

Matafiyin da ya bar tsakiyar Kaduna ya ƙetare kogi, ya kama hanyar Kaciya wadda ke kai mutum Zonkwa da Kafancan, ba makawa sai ya ratsa Sabon Tasha. Unguwa ce a ƙasar Cikun wadda ta soma bunƙasa sa'ad da aka buɗe matatar mai a 1980, sa'an nan ta cika ta batse bayan rikicin shekarar 2000, lokacin da jama'a da dama suka ƙaura kudancin kogin.

Abin da zai ja idon baƙo cikin watan Janairu shi ne, ciyawa ta bushe, ƙurar hunturu ta rufe ko'ina, amma a ƙofar gidaje da makarantu da majami'u ga shingen shuke-shuke kore shar, an aske shi tamkar kan ango. Galibinsu baƙi ne. Iksora mai jan fure daga Indiya ta fito, duranta kuwa, wadda masu sayarwa ke kira yalo-bush, daga nahiyar Amurka. A bakin titi ake rainonsu cikin ledar ruwan sha, mai gida ya saya ya dasa.

To, a nan gizo ke saƙar. Sabon gida ƙasarsa cike take da ɓaraguzan siminti, ga uwargida na zuba toka da ruwan wanki a gindin shinge, wai taki take ba shi. Iksora kuwa ba ta shiri da waɗannan, domin suna hana saiwarta jan sinadarin ƙarfe daga ƙasa. Alamar ita ce sabon ganye ya yi rawaya, jijiyoyinsa kaɗai su zauna kore. Mai gida ya gani ya ce ƙishi ne, ya ƙara ruwa, har saiwa ta ruɓe. Maganin bai wuce a tone ɓaraguzan ba, a cika ramin da baƙar ƙasa da ruɓaɓɓen ganye, a kuma sake wa ruwan wanki hanya.

Akwai kuma wasu fararen ƙwari masu kama da auduga da ke maƙalewa a ƙarƙashin ganye suna tsotse ruwansa. Inda aka ga tururuwa na hawa da sauka, a duba. Akan daka 'ya'yan dogonyaro a jiƙa su kwana, a tace a fesa da yamma. Gara ita ma tana bin shukar da ta galabaita, musamman in an jibga busasshiyar ciyawa jikin gindinta. Akuya kuwa sai waya. Aski mai yawa a bar shi sai faɗuwar damina, wajen Afrilu ko Mayu, don reshe ya sami ƙarfin tohowa.

Wanda ya zarce kudu, ƙauyukan Bajju da Atyap da Kagoro, zai iske shingen da ya girmi duk waɗannan, watau kyarana, wadda mutanen dā suka kewaye gidaje da gonaki da ita don tsare dabba da mahara. Ba ta neman ban ruwa ko almakashi. Reshe kawai ake sarewa, a bar shi ya sha iska kwana kaɗan, a kafa. Sai dai farin ruwanta yana ƙona fata, in ya shiga ido kuwa yana iya makantarwa, shi ya sa ba a barin yara su matso wurin saranta.