Kwanakin Jinyar Auta

Litinin, 17 ga Maris
Zazzaɓi tun Asabar, da amai. Mun ɗauka maleriya ce. Yau wuya ya sanƙare, haɓa ba ta kai ƙirji, haske ma ba ya so. Inna na taɓa ƙeyarsa ta ce sanƙarau. Ta ga annobar 1996 a Kano da idonta. Asibiti kafin la'asar.

Talata
An kwantar da shi ta gefe, gwiwa a ƙirji, aka ɗebi ruwa a gadon bayansa. Da farko Inna ta ƙi, wai allurar baya na gurgunta yaro. Sai da Kawu ya sa baki. Likita ya ɗaga kwalbar na gani: na mai lafiya garau yake, wannan kamar ruwan wankin shinkafa. Rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa ce ta kumbura, in ji shi. Ba su jira sakamako ba, tun jiya ake zuba masa ceftriaxone ta jijiya, da wata allurar ta rage kumburi.

Laraba
Jijjiga cikin dare. Kawu ya zaro cokali zai sa masa a baki, nas ta ƙwace. A juya shi gefe kawai. Buɗa-baki da ruwan leda.

Alhamis
Shiru. Zafi. Fanka ta tsaya. Ɗigon ruwa nake ƙirgawa.

Juma'a
Yaran da ke kwana ɗaki ɗaya da shi duk an ba su ƙwaya. An ce a rage cunkoso, a bar taga a buɗe. Ina ɗakin? Nas ta nemi katin rigakafi. Wanda aka yi masa yana ƙarami na nau'in A ne kaɗai, alhali C ne ya yi ɓarna a Zamfara a 2017. Sabon, mai tare nau'i 5, sai a 2024 ya iso Najeriya. Na yi fushi, ban san da wa ba.

Asabar
Ya buɗe ido bayan asuba. “Yaya, kunu.” Inna ta fashe da kuka, har masu jinyar gadon kusa suka zaci rasuwa aka yi.

Lahadi
Zazzaɓi ya sauka. Ya zauna da jingina. Na kira shi ta hagu, bai waiwayo ba. Na sake. Ta dama ya amsa. Likita ya ce ciwon kan taɓa ji, za a gwada kunnen kafin sallama. Allura ba za a tsayar ba tukuna. Inna ban gaya mata ba. Gobe kuɗin gado.